Tsaye Mai Dashe da Maɓallin da Ba Ya Tambaya

Tsakanin kwalta da katangar ma'ajiyar katako akwai wani ɗan fili dogo, cike maƙil da baƙaƙen ledoji, kowace da ɗan tsiro a cikinta. Mutumin da ke kai-kawo a tsakaninsu da mesar ruwa a kafaɗa shi ne Tsaye. Sunan yanka kam yana da shi, amma ya daɗe da ɓacewa. Matarsa ce ta raɗa masa wannan tun suna sabon aure, da ta lura ko abinci ta kawo a tsaye yake ci, ya yi loma biyu ya leƙa waje, ya dawo ya ƙara ɗaya. An sha saya masa kujera. Wata, tukunyar fulawa ce ta hau kanta, wata kuma makanikin da ke maƙwabtaka da shi ya ara, har yau Tsaye bai lura ba ta dawo ba.

Kafin dashe, babu sana'ar da bai lasa ba. Ya yi facin taya, ya yi tallan agogo, ya yi gadin wani kanti aka sallame shi saboda duk lokacin da aka neme shi a bakin ƙofa yana can bayan gini yana duba abin da ba a sa shi ba. Mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, cewa take yi wannan yaro ya ci ƙafar kare. Sai da ya faɗa leburanci a wani lambu, inda wani tsoho ya koya masa auren bishiya: a yanko reshen mangwaro mai daɗi, a ɗaura shi a kan ɗan tsiron da ba shi da asali, a naɗe da leda, a jira. Jiran nan ne abin mamaki. Mutumin da shayi ke ƙona masa harshe kullum don ba ya iya bari ya huce, sai ga shi yana jiran reshe ya kama har makonni. Ba wani sirri ba ne kuwa. Shuka in ta yi yawa, kafin ka gama zagaya ta ƙarshe ta farko ta sake jin ƙishi, ƙafa ba ta samun hutu. Shi ya sa ya dawwama a wannan sana'a shekara ashirin da ɗoriya.

Sai dai saye a wurin Tsaye ba wasa ba ne. Ka tsaya da motarka ka nuna lemo ka ce nawa, ba zai gaya maka ba. Zai fara da gidan naka ne ko haya kake. Ta ina rana take shigowa tsakar gidan? Akwai awaki? In ka yi tafiya, wa zai ba ta ruwa? In amsarka ba ta kwanta masa ba, sai ya maida lemon baya da ƙafa, ya jawo maka wata shuka mai ƙaya wadda ko an manta da ita wata guda ba ta fushi, ya ce wannan ce daidai da kai. Wasu su yi dariya su karɓa, wasu su ja tsaki su tayar da mota. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin mai kaya yana yi wa mai kuɗi tambayar neman aure ba. Shi kuwa in ya bi unguwa a kan tsohon kekensa, sai ka ga yana miƙa wuya ta saman katangar mutane, yana duba gwaibar da ya sayar shekarun baya. In ya gan ta koriya shar, ranar har waƙa yake yi. In ya ga ta bushe, kada ka yi masa magana sai gobe.

Ana nan, wata safiya ya zo ya tarar an shafa jan fenti a jikin katangar katako, an ja layi har ya ratsa ta tsakiyar ledojinsa. Za a faɗaɗa titi. Aka ba kowa wa'adi ya kwashe nasa ya nasa. Makaniki ya ce shi da sauƙi, akwatin sifana ne da jek, ya sa a but ɗin mota ya yi gaba. Tsaye fa? Ya je bayan gidansa ya auna da ƙafa, ya sake aunawa, ko zai ƙaru. Ina! Iyayen bishiyoyin da yake yankar reshe a jikinsu da ƙananan da ba su yi ƙwari ba kaɗai wurin zai ɗauka. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, ko dai su sami gida kafin wa'adi ko katafila ta bi ta kansu. Abin da ke cinsa ke nan, har wuyansa ya fara fita daga cikin riga.

Babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Yaya har da shi kansa, ita ta kawo shawara. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta kwana-kwana. Ta ce masu wucewa ta titin nan ba za su iya kwashe kayan ba ko da kyauta ne, a buɗe masa shago a intanet, gari duka ya gani. Ta turo mijinta, mai shagon sayar da waya da gyaranta, wani salihin bawan Allah da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Mai Waya ya zo ya durƙusa a gefen ledojin gwanda ya gaida surukinsa, sannan ya yi bayani kansa a ƙasa, yana bin Tsaye daga layi zuwa layi don bayanin zaune ba zai yiwu ba. Ya ce hanya uku ce. Akwai babbar kasuwar intanet, ka kama rumfa cikin dubban masu rumfa, jama'a na nan birjik amma doka tasu ce. Akwai dandalin da ake hayar shago, an riga an gina, ka zaɓi fasali ka jera kayanka, amma kai za ka nemo masu saye. Akwai kuma ka sa a gina maka naka tun daga tushe, yadda ranka yake so. Tsaye ya ce a tafi inda mutane suke.

Kwana kaɗan da jera hotuna a babbar kasuwar, wayar Mai Waya ta yi ƙara. Wani ya sayi mangwaro ɗan aure, har ya biya. Mai Waya ya rugo da albishir. Tsaye ya ajiye mesa ya ce a ba shi mutumin su yi magana. Aka ce masa ba mutum, maɓalli kawai ya danna, an ce saya ya saya. Tsaye ya ce to wa ya tambaye shi? Aka ce babu wanda ya tambaye shi, ai haka abin yake. Ya je ƙarshen layi ya dawo. Ya ce a rubuta masa saƙo. Mai Waya ya rubuta duk tambayoyin, har da ta awaki. Amsa ta dawo gajeriya: a saman bene yake, hawa na uku, zai ajiye ta kusa da talabijin. Mangwaro kusa da talabijin! Tsaye ya ce a maida masa kuɗinsa yanzu-yanzun nan.

Haka aka yi da na biyu, haka da na huɗu. Na ukun ne kaɗai ya ci jarrabawa, wata malamar makaranta mai rijiya a gida. Kafin a ce me, rumfar Tsaye ta cika da tauraro ɗaiɗai, wato mafi ƙanƙantar makin da masu saye ke bayarwa, da baƙaƙen maganganu. Wani ya rubuta cewa ya zo sayen bishiya an tsare shi kamar a ofishin 'yan sanda. Masu kasuwar suka aiko gargaɗi, suka sake aikowa, daga nan suka tura rumfar can ƙurya inda ko mai nema da fitila ba zai gan ta ba. Tsaye ya ce dama kasuwar da mai kaya ba ya ganin idon mai saye ba kasuwa ba ce. A tashi.

"To, Baba," in ji Mai Waya.

Wannan "to, Baba" ita ta kusa kashe su duka. Da ɗansa ne na cikinsa, da ya turo baki ya ce shi fa ya gaji, a tsaya wuri ɗaya. Amma suruki? Ta ina zai fara? Shi ma Tsaye da ɗansa ne da ya daka masa tsawa sun yi ta ta ƙare, amma mijin 'yarsa sai lallami, sai "in ba damuwa", sai "ko za ka ɗan duba". Kowa na jin nauyin kowa, aikin kuma na ta komawa baya.

Da aka shiga dandalin haya, sai ruwan ido ya kama Tsaye. Ashe ba ɗaya ba ne, sun fi a ƙirga, kowane yana cewa zo ka gwada kyauta. Na farkon da suka kama mai sauƙi ne, ka sa hoto ɗaya, ka rubuta lemo, ka faɗi adadin da kake da shi. Tsaye ya ce wane irin lemo? Ya ja Mai Waya ya nuna masa: wannan ta karkata hagu, wannan reshenta biyu, wannan tsutsa ta taɓa cin ganyenta ta warke. Ya za a yi a nuna wa mutum wata a kai masa wata? Kowace da hotonta. Mai Waya ya rufe shagonsa ya wuni a tsugune yana ɗauka, rana na dukan ƙeyarsa. Kafin su kai layin ƙarshe, na farko sun yi sabon toho, Tsaye ya ce barin tsohon hoto ƙarya ce, a sake.

Sannan wani mai kawo mota gyara wurin makaniki ya ce ai wancan dandalin ya fi, ƙanensa takalma yake sayarwa a kai. Aka kwashe aka koma. Can kuma shafin kyakkyawa ne, furanni har rausaya suke a fuskar waya, amma a ƙaramar wayar matar Tsaye sai ya yi ta juyawa ba ya buɗewa, ta ce ya cinye mata data bai nuna mata ko ganye ba. Aka sake tashi. Na gaba ba ya karɓar irin biyan da mutanen gari suka saba. Na gaba da shi yana da wurin tambaya, Tsaye har ya yi murna, sai aka gano mai saye na iya tsallake ta ya danna maɓallinsa ya wuce abinsa. Kuma duk tashin da aka yi, adireshin shago sai ya canja. Kwalin adireshin da Tsaye ya rataya a bakin titi ya sha gogewa da sake rubutu har ya huje. Tsofaffin abokan cinikinsa suka riƙa tsayawa suna cewa sun shiga inda ya ce, sun tarar wayam. Shi kuwa ko a jikinsa, ya riga ya ji labarin wani sabo.

A ƙarshe Mai Waya ya kai shi wurin wata mai gina shafuka, a wani ƙaramin ofis sama da kantin magani. Ta nuna masa kujera, ya ce ya gode, ya tafi bakin taga. Akwai wata shuka a tukunya a kan teburinta, ya tura yatsa cikin ƙasar ya ce ruwa ya yi mata yawa. Matar ta saurare shi tsaf yana zagaya ɗakin, sannan ta ce abin da yake so mai yiwuwa ne. Za ta gina masa ƙofa: ba mai ganin maɓallin saye sai ya amsa tambayoyi, in ma yana so har hoton tsakar gida sai an turo, shi ya duba ya ce e ko a'a. Wallahi ranar Tsaye kamar an yi masa bushara da gidan aljanna. Amma ta ƙara da cewa gini ba ya son gaggawa, kuma bayan an gama sai an sami mai kula da shi. Lokacin da ta faɗa ya zarce wa'adin titi. Wannan ɓangaren bai shiga kunnensa ba. Ya ce a fara. Duk bayan kwana biyu sai ga shi ya hawo benen da sabuwar tambayar da ya tuno a hanya, ko akwai yara masu tsinkar ganye, ko ruwan gidan na famfo ne. Ita kuma ta rushe ta gyara.

Aski dai ya zo gaban goshi. Katafila ta fara daga can saman titi, ana jin gurnaninta tun safe. Mai shayi ya tashi, makaniki ya tashi, masu katako suka kwance ƙofarsu. Tsaye ya rage shi kaɗai da ledojinsa, yana ɗaga wannan ya kai can, ya dawo da waccan nan, kamar sauya musu wuri zai rage musu yawa.

Da la'asar ɗin wata rana Yaya ta sauka daga mota da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta biya ba. Ta gaishe shi, ta taka mesar da ƙafa har ruwan ya tsaya. Dole ya juyo.

"Baba, shi surukinka ba zai iya gaya maka ba, ni zan gaya maka. Shagonsa a rufe yake yau kusan wata guda. Kai ba dandali kake nema ba. Wanda zai taya ka korar mutane kake nema, kuma babu shi."

Ya ce ta ɗaga ƙafarta. Ba ta ɗaga ba.

"Yaya, in na miƙa su ga wanda zai kashe su, me ya raba ni da waccan?" Ya nuna katafilar da ke saman titi da haɓa.

"Waccan ba ta barin ko ɗaya. Baƙon da ba ka sani ba, ko cikin goma ya raya uku, ai an samu uku."

Ya ji haushinta ƙwarai. Ya tafi har ƙarshen filin, ya daɗe yana gyara ɗaurin wani reshe da ba abin da ya same shi. Da ya dawo bai kalle ta ba, ya ce ta gaya wa mijinta ya buɗe duk wanda ya ga dama, hoto ɗaya, maɓalli ɗaya, shi ya cire hannunsa. Mai Waya ya koma dandalin hayar nan na farko, mai sauƙin, wanda da an zauna a kai tun farko da yanzu wani zancen ake. Yaya ta watsa adireshin a wayoyin abokan aikinta, su ma suka watsa.

Oda ta fara shigowa, biyu, biyar, goma. Masu babur suna zuwa ɗauka, Tsaye na ɗaura musu a baya yana cije leɓe. Wani lokaci abin ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙe hannun mai babur ya ce don Allah in ka kai, ka ce kada a sa ta a inuwa. Mai babur ya ce to, ya sa hular kwano, kai da ganin yadda ya fizgi babur ɗin ka san saƙon a nan ya faɗi. Duk da haka ledoji ba su ragu yadda ake so ba, katafila kuwa har ta iso kwanar gidan mai.

Sai ga Mai Waya da gudu, ya manta ma bai durƙusa ba. Mutum ɗaya ya danna ya saye duk abin da ya rage, kaf, ya biya, gobe mota za ta zo. Tsaye ya sa aka karanta masa sau biyu. Sunan wani kamfani ne kawai, ba bayani. Amma wa zai sayi mangwaro da lemo da gwaiba da fulawa haka da yawa in ba mai fili ba? Ya ce wa matarsa lalle wani ne zai kafa lambu, ko makaranta ce sabuwa, ko asibiti. Mai irin wannan niyya ai ba a rasa shi da rijiyar burtsatse da ma'aikata. Ranar ya ci abinci har da neman ƙari, a tsaye dai. Da safe ya riga kowa zuwa, ya ware masu son rana gefe guda, masu son inuwa gefe guda, ya ɗaura wa masu sabon aure jan zare don mai lambun ya san waɗanda zai lallaɓa.

Babbar mota ta zo da hantsi, da leburori a baya. Ba su tsaya kallon zare ba. Ɗaya a ƙasa yana cillawa, ɗaya a sama yana cafewa, gwaiba kan fulawa, fulawa kan lemo. Tsaye ya yi ta bin su yana cewa a hankali, a riƙe ta gindi, ba wanda ya kula. Ya yi wa Yaya alkawarin ba zai tambayi kowa komai ba, ya kuma riƙe alkawarin har aka ɗora leda ta ƙarshe. Direban na jingine da ƙofa yana sakace. Tsaye ya zagaya motar, ya sake zagayawa, sai ga shi a gabansa.

"Ɗan'uwa, lambun a wane gefen gari yake?"

"Wane lambu? Zauren taro za mu. Baje kolin kaya za a yi, ana so a jera kore a bakin ƙofa da gefen dandamali, saboda hoto."

"Kwana nawa?"

"Biyu, ina ji."

"Bayan nan fa?"

Direban ya tofar da tsinken ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi dai an ce ya kai. Na wancan taron da ya kai, a bayan zauren ya gan su a jibge da ya koma ɗaukar kujeru, amma ba a nan aikinsa yake ba.

Mai Waya, da ke gefe da waya a hannu, ya sunkuyar da kai. Tsaye ya dubi filin. Babu komai sai zagayen danshi inda kowace leda ta zauna, ga katafila can tana tahowa tana ture katangar gidan mai. An saya, an biya, kayan ba nasa ba ne, ko ya ce a sauke babu inda zai sauke su. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Ya juya ya buɗe famfo har ƙarshe, ya ja mesar, ya taka tayar motar ya hau. Leburori suka yi tsalle gefe suna zagi don ruwan ya jiƙa su. Direba ya ce Baba, za ka ƙara mini nauyi, ga shi na makara. Tsaye bai ji ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga na sama don ruwa ya kai ga na ƙasa, yana tura mesar cikin kowace leda har sai ta cika ta tumbatsa. Direba ya yi hon, ya sake yi, ya tayar da mota.

"Don Allah ka kashe," in ji Mai Waya, da wata murya da ba a san shi da ita ba. "Ka bari ya gama."

Direban ya dube shi, ya dubi tsohon da ke saman kaya, ya murɗa makulli. Ruwa na zuba ta ƙasan motar yana bin kwalta, Tsaye kuwa bai kai rabi ba tukuna.